GANSAKUKA: INA TAKE SAMUN ABINCINTA?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa barin ruwa a cikin farin bokiti a tsakar gida har tsawon mako biyu, ya san abin da zai tarar. Gindin bokitin zai yi kore, ya yi santsi, alhali ba wanda ya shuka wani abu a ciki. Haka abin yake a kududdufi da magudanar ruwa da bakin rijiya, har da jikin katanga a lokacin damina, musamman a nan kudancin ƙasar nan inda ruwan sama ke daɗewa bai ɗauke ba. Wannan koren abu shi ne Bahaushe ke kira gansakuka.

Yawancinmu ƙazanta muka ɗauke ta, sai dai mu kankare mu zubar. Amma da mutum zai tsaya ya yi tunani, zai ga akwai abin tambaya. Gansakuka rayayyen abu ce, tana girma tana yaɗuwa, kuma duk mai rai sai da abinci. To ga shi ba ta da baki irin na dabba, ba ta da saiwa irin ta tsiro. Me take ci? Ta ina yake shiga jikinta? Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. To haka ma ba ya yin kore banza. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsa waɗannan tambayoyi, domin kuwa amsarsu ta shafi iskar da muke shaƙa da kifin da muke ci da kuma ruwan da muke sha.

Wace Ce Gansakuka?

Kafin a shiga batun abinci, ya kamata a tantance abin da ake magana a kai. Ba duk koren abu da ke kan ruwa ba ne gansakuka. Kainuwa, alal misali, cikakken tsiro ce, tana da ganye da saiwa, har fure takan yi. Ita kuwa gansakuka ba ta da saiwa ta gaskiya, ba ta da kara, ba ta da jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa daga ƙasa zuwa sama, kuma ba ta yin fure.

A wannan maƙala za a faɗaɗa ma'anar kalmar kaɗan, yadda za ta ƙunshi duk dangin wannan halitta kamar yadda masana kimiyya suka tattara su. Dangi ne mai faɗi ƙwarai. Akwai masu ƙwayar halitta ɗaya tak, waɗanda ido ba ya gani sai da na'urar ƙara girman abu. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Prochlorococcus, wadda aka gano a teku a shekarar 1986, sai an jera fiye da 1,000 kafin su cika milimita ɗaya. A ɗaya gefen kuma akwai ƙatuwar gansakukar teku da ke gaɓar Kalifoniya ta Amurka, wadda tsawonta kan wuce mita 40, kuma idan ta sami yanayi mai kyau takan ƙaru da kusan santimita 60 a rana guda.

Akan kasa su ta fuskar launi. Akwai kore, akwai ja, akwai mai ruwan ƙasa. Akwai kuma wadda launinta ke tsakanin shuɗi da kore, wadda a yau masana suka tabbatar cewa dangin bakteriya ce, kuma Prochlorococcus ɗin da aka ambata tana cikin wannan rukuni. Duk da haka an saba lissafa ta tare da sauran, saboda hanyar neman abincinsu ɗaya ce.

Girki da Hasken Rana

Babbar hanyar da gansakuka ke samun abinci ita ce ta girka abinta da kanta. Wannan aiki shi ne masana ke kira fotosintesis, wato haɗa abinci ta hanyar amfani da haske. Idan muka kwatanta shi da girkin gida, abin zai fi sauƙin fahimta. Kayan haɗin guda biyu ne: ruwa da iskar kabon-dayoksaid, wato iskar da mu mutane da dabbobi muke fitarwa idan mun yi numfashi. Wutar girkin ita ce hasken rana. Murhun kuwa wasu ƙananan ɗakuna ne a cikin ƙwayar halittar, waɗanda ake kira kuloroflas, kuma a cikinsu ne ake samun koren sinadarin nan mai kama haske, wato kulorofil. Shi ne ya ba gansakuka da ganyen itatuwa launin kore.

Aikin yana da mataki biyu. A mataki na farko, kulorofil yakan kama haske, a yi amfani da ƙarfinsa a fasa ruwa gida biyu, wato haidurojin da oksijin. Haidurojin ake buƙata, saboda haka sai a saki oksijin ya fita. Ƙananan kumfan da ake gani maƙale a jikin gansakukar kududdufi da tsakar rana, oksijin ɗin ke nan yake fita. A mataki na biyu kuma, sai a haɗa haidurojin ɗin da kabon-dayoksaid a samar da sukari. A lissafin masana, ƙwaya 6 ta kabon-dayoksaid da ƙwaya 6 ta ruwa su ke ba da ƙwaya 1 ta sukarin gulukos da ƙwaya 6 ta oksijin.

Abin sha'awa shi ne, da yawa daga abin da duniya ta sani game da wannan aiki a jikin gansakuka aka fara gano shi. A shekarar 1882 wani Bajamushe mai suna Theodor Engelmann ya shimfiɗa zaren gansakuka a ƙarƙashin na'ura, ya raba haske zuwa launukan bakan gizo, ya haska su a jere a kan zaren. Sannan ya zuba wasu bakteriya masu son oksijin. Sai bakteriyar suka yi cincirindo a inda jan haske da shuɗin haske suka sauka, suka ƙaurace wa wurin koren haske. Da haka aka gane cewa ja da shuɗi su ne suka fi ƙosar da koriyar gansakuka. Koren haske kuwa ba ta cika amfani da shi ba, shi ya sa yake dawowa idonmu mu gan ta kore.

Haka kuma a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakle, Melvin Calvin da abokan aikinsa, Andrew Benson da James Bassham, sun yi amfani da wata gansakuka mai suna Chlorella wajen bin sawun kabon daga shigarsa jiki har ya zama sukari. Sukan ba ta kabon mai alama, bayan 'yan daƙiƙoƙi su kashe ta a cikin tafasasshen sinadarin alkohol, su duba inda kabon ɗin ya kai. Wannan aiki ne ya sa aka ba Calvin lambar yabo ta Nobel a shekarar 1961.

Sukarin da aka girka ba a cinye shi duka nan take. Wani a ƙone shi don samun kuzari, wani a gina jiki da shi, saura kuma a kai rumbu. Koriyar gansakuka sitaci take ajiyewa, kamar yadda rogo da dawa ke yi. Wasu kuwa mai suke tarawa. Mafi yawan ɗanyen man fetur na duniya ya samo asali ne daga irin waɗannan ƙananan halittu da suka mutu suka kwanta a ƙarƙashin teku shekaru miliyoyi da suka wuce. Da dare, idan haske ya ɗauke, girki ya tsaya, sai gansakuka ta koma cin abin da ta ajiye, tana shaƙar oksijin kamar kowa. A riƙe wannan batu da kyau, domin za mu dawo kansa.

Ƙanƙantar gansakuka kada ta sa a raina aikinta. Kimanin rabin fotosintesis ɗin da ake yi a duniya a cikin teku ake yin sa, kuma ƙananan gansakukan da ke yawo a saman ruwa ne ke ɗauke da mafi yawansa.

Launi da Zurfin Ruwa

Tun da haske ne wutar girki, ke nan gansakuka ba za ta iya nisa da saman ruwa ba. Ruwa yana shanye haske sannu a hankali. Jan haske ne ke fara ɓacewa a 'yan mitocin farko, shuɗi kuwa shi ya fi nutsawa ƙasa. A teku mai garau, idan an wuce kimanin mita 200, hasken da ya rage ba ya isa a yi girki sosai.

A nan ne amfanin bambancin launi ke fitowa. Ja da mai ruwan ƙasa su ma suna da kulorofil, sai dai suna da ƙarin wasu sinadarai masu kama shuɗin haske da kore su miƙa wa kulorofil, kuma su ne suka rufe koren launin. Saboda haka suna iya cin abinci a inda haske ya yi rauni. A tsakiyar shekarun 1980 masu bincike sun tarar da wata jar gansakuka tana raye a zurfin mita 268 kusa da tsibiran Bahamas, wurin da idon mutum zai ce duhu ne kawai.

Wannan ilimi yana nan a gidajenmu ko da ba mu lura ba. Dalilin da ya sa ake yin tankunan ruwa na roba baƙaƙe ko masu kauri shi ne don a hana haske shiga. Ruwan randa da ke rufe a cikin ɗaki ba ya saurin yin kore kamar na farar jarka da aka bari a rana.

Tun da Babu Saiwa, Ta Ina?

Sukari kaɗai ba ya gina jiki. Kamar yadda tuwo ke buƙatar miya, haka gansakuka ke buƙatar wasu sinadarai. Tana buƙatar naitirojin don gina furotin, da fosforas don gina ƙwayoyin gado da sarrafa kuzari, da maganiziyam wanda ke zaune a tsakiyar kulorofil, da sinadarin ƙarfe, da sauransu. Duk wanda ya taɓa duba buhun takin zamani ya ga an rubuta NPK, to haruffa biyun farko su ne naitirojin da fosforas. Abin da masara ke so a gona, shi gansakuka ke so a ruwa.

Bambancin shi ne hanyar shiga. Tsiro yakan tsotso su daga ƙasa da saiwa. Ita kuwa gansakuka, da yake a cikin ruwan take kwance, duk jikinta baki ne. Sinadaran da suka narke a ruwa suna ratsa fatar ƙwayar halittar kai tsaye. Wasu sukan shiga da kansu, wasu kuma akwai ƙananan ƙofofi da ke jawo su ciki da ƙarfi, ko da kuwa kaɗan ne a ruwan. Har kabon-dayoksaid ɗin ma a narke take samun sa, kuma da yawa suna iya amfani da baikabonet, wato sinadarin da ke cikin kanwa. Abin nan mai kama da saiwa da ake gani a gindin manyan gansakukan teku ba ya tsotsar komai, aikinsa kawai ya riƙe dutse kada igiyar ruwa ta tafi da ita.

Akwai kuma ma'auni. Wani masani Ba'amurke, Alfred Redfield, ya fara nunawa a shekarar 1934 cewa sinadaran jikin ƙananan halittun teku suna bin wani tsari kusan iri ɗaya. Ma'aunin da ake kira da sunansa shi ne: kowane fosforas 1 yana tafiya da naitirojin 16 da kabon 106. Ma'anar wannan ita ce, duk sinadarin da ya fara ƙarewa shi ke tsayar da girma, komai yawan sauran. Mai dafa abinci ta san haka: ko hatsi ya cika rumbu, idan babu itace ba a tuwo.

A yawancin tafkuna fosforas ne ke yin ƙaranci. A yawancin teku kuwa naitirojin ne. Amma akwai wasu manyan yankuna na teku da ke da wadatar waɗannan biyun, duk da haka gansakuka ba ta yawa. Wani masani mai suna John Martin ya ce sinadarin ƙarfe ne babu. A shekarun 1993 da 1995 aka gwada maganarsa a tekun Fasifik, aka zuba narkakken ƙarfe a wani yanki, sai ga gansakuka ta yawaita a cikin 'yan kwanaki.

Wasu kuma suna da buƙata ta musamman. Akwai wani babban rukuni da ake kira dayatom, waɗanda kowace ƙwaya takan gina wa kanta ɗan akwati na gilashi. Waɗannan dole su sami silika, sinadarin da ke cikin yashi. Bugu da ƙari, wani bincike da aka buga a shekarar 2005 daga Jami'ar Kambirij ta Ingila ya nuna cewa fiye da rabin nau'o'in gansakuka 326 da aka duba ba sa iya rayuwa sai da bitamin B12, kuma ba sa iya haɗa shi da kansu. Daga wurin bakteriyar da ke zaune tare da su suke samu.

Game da naitirojin, wasu daga cikin masu launin shuɗi-kore, irin su Anabaena da Nostoc, suna da baiwar da sauran ba su da ita. Suna iya ɗebo shi daga iska su mayar da shi taki. Manoman shinkafa a Sin da Biyetnam sun daɗe suna cin gajiyar wannan, ta hanyar barin wani ɗan tsiron ruwa mai suna Azolla a fadamunsu, wanda Anabaena ke zaune a cikin ganyensa.

Ƙurar Hunturu

Mai karatu zai yi mamaki idan aka ce hazon da ke rufe garuruwanmu a lokacin hunturu yana da alaƙa da wannan batu. A arewacin ƙasar Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, wanda yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, wurin ƙarƙashin ruwa yake, lokacin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. Dayatom sun rayu a wannan ruwa sun mutu, akwatunansu na gilashi suka taru suka zama farar ƙasa mara nauyi. Ita ce iska ke kwasowa ta biyo ta kan Nijar da Nijeriya. Ashe wani ɓangare na ƙurar da ke busar mana da leɓe gawar gansakuka ce.

Tafiyar ba a nan ta tsaya ba. Ƙurar Sahara takan wuce gaɓa ta faɗa tekun Atilantika ɗauke da ƙarfe da fosforas, ta zama taki ga gansakukar da ke raye a can. Wato ragowar ta jiya ita ke ciyar da ta yau.

Masu Cin Gumin Wasu

Ba duk gansakuka ce ke dogara da girkin kanta kawai ba. Hausawa na cewa idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Akwai wata mai suna Euglena da ake samu a kududdufai, mai ɗan bulala a gaba wanda take iyo da shi. Idan akwai haske sai ta yi girkinta. Idan ta sami kanta a duhu kuwa, sai ta koma tsotsar narkakken abincin da ke fitowa daga ruɓaɓɓun abubuwa. Wasu ma har farauta suke yi, su haɗiye bakteriya ɗungurungum, ba don sukari kawai ba, har don naitirojin da fosforas ɗin da ke jikinsu.

Akwai ɓarayi kuma. Wata halittar teku mai suna Dinophysis ba ta da murhu nata na gado. Sai ta kama wata halittar, ta tsotse kuloroflas ɗinta ta riƙa girki da shi. Abin dariya, ita ma wadda aka tsotsa ɗin satowa ta yi daga wata ƙaramar gansakuka.

Sai kuma masu zaman kaska. Manomi zai iya lura da wasu tabo-tabo masu launin tsatsa a ganyen mangwaro ko gwaiba ko lemo. Sau da yawa wata gansakuka ce mai suna Cephaleuros, wadda ke shiga ƙarƙashin fatar ganye tana ɗibar ruwa da sinadarai daga jikinsa. Wata kuma, Prototheca, ta rasa kulorofil ɗinta gaba ɗaya, ba ta da launi, kuma takan shiga hantsar saniya ta jawo ciwon da ke ɓata nono.

Zaman Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka

Wasu kuwa ciniki suka zaɓa. Wannan ɓawo-ɓawon mai launin toka ko rawaya da ke manne a jikin duwatsu da tsofaffin itatuwa, wanda masana ke kira laikin, ba halitta ɗaya ba ce. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, ya bayyana a shekarar 1867 cewa haɗin gwiwa ne tsakanin gansakuka da wani dangin funfuna. Gansakuka ta kawo sukari, abokin zamanta ya kawo matsuguni da danshi da sinadarai.

Irin wannan ciniki ne ya gina manyan tsaunukan murjani da ke ƙarƙashin tekuna masu ɗumi. Ƙananan dabbobin da ke gina su suna ɗauke da gansakuka a cikin naman jikinsu. Ita tana samun mafaka da kabon-dayoksaid da naitirojin daga abin da dabbar ke fitarwa, dabbar kuma tana iya samun har kashi 90 cikin 100 na abincinta daga gare ta. Amma idan zafin ruwa ya wuce yadda aka saba da ko da digiri 1 na tsawon makonni, sai zaman ya lalace, dabbar ta kori baƙuwarta, ta yi fari fat, yunwa ta kama ta. An ga wannan a faɗin duniya a shekarar 1998 da 2010 da kuma tsakanin 2014 da 2017, kuma a watan Afrilu na 2024 aka ba da sanarwar aukuwarsa karo na huɗu.

Darasi Daga Kanem

A yankin Kanem, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, akwai ƙananan tafkuna masu kanwa. Ruwansu ya yi kaifin da yawancin halittu ba sa iya zama a ciki. Amma akwai wata gansakuka mai launin shuɗi-kore da ake kira Spirulina, wadda wannan ruwa ne ya fi yi mata daɗi. Baikabonet ɗin kanwa ya ba ta kabon a wadace, ga rana, ga ɗumi, ga rashin abokan gasa. Matan Kanembu sukan kwashe ta daga saman ruwa, su zuba a ramin yashi ruwan ya tsane, ta bushe a rana, su yanka ta gutsi-gutsi su kai kasuwa. Suna kiran ta dihe, kuma da ita ake kaɗa miyar da ake cin tuwon gero. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwannin Chadi a tsakiyar shekarun 1960, daga nan duniya ta mai da hankali gare ta. Fiye da rabin nauyin busasshiyarta furotin ne, kuma a yau ana noman ta a ƙasashe da dama.

Idan Abinci Ya Yi Yawa

Yanzu mun zo inda maganar ta fi shafar mu. An riga an ce ƙarancin sinadari ɗaya ne ke taka wa gansakuka birki. To me zai faru idan mutum ya cire birkin da hannunsa? Takin zamani da ruwan sama ke wankewa daga gonaki, da bayan gida da ake saki a magudana, da kashin kaji da na shanu, da ruwan wanki, duk suna ɗauke da naitirojin da fosforas, kuma ƙarshensu rafi ne ko tafki ko dam.

A shekarar 1973 David Schindler ya yi wani gwaji a wani tafki da ke lardin Ontariyo na Kanada, wanda aka sa wa lamba 226. Ya raba tafkin biyu da labulen roba. Ɓangare ɗaya aka zuba kabon da naitirojin, ɗayan kuma aka zuba su tare da fosforas. Ɓangaren da ya sami fosforas ya yi kore shar, ɗayan kuwa ya zauna garau. Hoton wannan tafki ya taimaka wajen sa hukumomi su taƙaita fosforas a cikin garin sabulun wanki.

Illar tana zuwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce shaƙewa. A tuna cewa da dare gansakuka oksijin take shaƙa. Idan ta yi yawa, kafin gari ya waye ta kusa ƙarar da na cikin ruwan. Masu kiwon kifi sun san wannan: ruwan da ya yi kore kaɗan alheri ne, domin karfasa na cin sa, amma idan ya yi kauri sai a ga kifi da asuba sun taso sama suna buɗe baki. Idan kuma gansakukar ta mutu ta nutse, bakteriyar da ke ruɓar da ita su ƙarasa shanye sauran. A mashigin tekun Meziko, inda kogin Misisifi ke juye takin gonakin Amurka, yankin da oksijin ya yi ƙaranci ya wuce murabba'in kilomita 22,000 a shekarar 2017.

Hanya ta biyu ita ce dafi. Wasu masu launin shuɗi-kore, irin su Microcystis, suna fitar da guba mai lahanta hanta, kuma tafasa ruwan ba ya kashe ta. A watan Agusta na 2014 an hana mutane kimanin 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo na kusan kwana uku saboda haka. A shekarar 2020 giwaye fiye da 300 sun mutu a Botsuwana, kuma hukumomin ƙasar sun ɗora laifin a kan gubar gansakuka da ke cikin ruwan da suka sha.

Mu ma abin ya iso bakin ƙofarmu. Tun daga shekarar 2011, wata gansakukar teku mai ruwan ƙasa da ake kira Sargassum ta riƙa tudaɗowa gaɓar Afirka ta Yamma, har da ta Gana da Nijeriya, tana cika ragar masunta tana ruɓewa a bakin ruwa. A shekarar 2018 hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ta miƙe daga Afirka ta Yamma har mashigin Meziko, nauyinta ya haura tan miliyan 20. Masana na danganta yawaitarta da ƙaruwar sinadaran abinci a tekun, daga manyan koguna da kuma ruwan ƙasan teku da ke tasowa sama.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa asalin abincin gansakuka girkin kanta ne, daga haske da ruwa da kabon-dayoksaid, tare da sinadaran da take tsotsa ta duk jikinta. An kuma ga cewa a cikin danginta akwai masu farauta da masu sata da masu zaman kaska da masu ciniki. Yawanta ko ƙarancinta a kowane ruwa ya dogara ne ga abin da ruwan ya ƙunsa, kuma a zamanin nan mutum ne ke zuba kaso mai yawa na abin.

Saboda haka idan mai karatu ya ga kududdufin unguwarsu ko dam ɗin garinsu ya yi kore shar kamar an zuba fenti, ya tambaya me ake zubawa a ciki, kuma daga ina. Kada a sha irin wannan ruwa, kada a shayar da dabbobi, kada a bar yara su yi wanka a ciki. Manomi ya sa taki daidai buƙata, ya guji watsa shi gab da saukar ruwa mai ƙarfi. Mai kiwon kifi ya rage abincin da yake zubawa ya kuma sauya ruwa idan koren ya yi kauri. A gida kuma a rufe tanki da randa, domin inda haske bai shiga ba, gansakuka ba ta da wutar da za ta ɗora tukunya.